Sabuwar lasifika ko gyaran tsohuwa?

1. Bakin akwati

A ƙasar Magariya da ta Dungas, da wuya mutum ya ratsa ƙauye bayan magariba bai ji rediyo na magana ba. Wani yana zaure, wani yana rumfar mai shayi, wani kuma yana rataye a kafaɗar makiyayi. Mutanen wannan yanki manoma ne da ƴan kasuwa, kuma bakin iyaka suke zaune. Suna so su ji inda ruwa ya sauka, da yadda kasuwa ta kwana, da ko hanyar Kano a buɗe take.

Sauraron rediyo ya daɗe a Nijar. A shekarar 1958 aka buɗe gidan rediyon ƙasa a Yamai. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Mutanen gari sukan taru wajen akwati guda, su saurara tare, sa'an nan su tattauna abin da suka ji. A 1974 gidan rediyon ya samu sunan Muryar Sahel. Daga baya kasat ya cika kasuwa. Yau ga wayar salula, ga memori mai ɗauke da waƙoƙi ɗari-ɗari, alhali bai wuce girman farce ba.

Kayan sun sake kama, amma akwai abu guda da ke cikinsu duka. Shi ne lasifika, wadda wasu ke ce wa amsa-kuwwa. Ita ce bakin akwati. In ta lalace, kome kyan rediyo ya zama bebe. Ran da ta fara ciwo, sai masu gida su zauna shawara: a gyara ta, ko a sake ta, ko a sayi wani babban akwati dabam? Shawarar ba ta da sauƙi, don kuɗin da za a kashe daga rumbu suke fitowa.

2. Rediyon Kaka

A wani ƙauye tsakanin Dungas da Magariya akwai wani gida mai mutum goma sha ɗaya. Babban gidan dattijo ne, kowa Kaka yake ce masa. Da ƙuruciyarsa ya yi fataucin gyaɗa. Ya san Damagaram, ya san Kano. Yanzu ƙafa ta ƙi, ido ya rage, ba ya iya zuwa dandali. Rediyo ne majalisarsa. Bayan sallar asuba ya kunna, da dare ma ya kunna. In baƙo ya zo gaisuwa, Kaka ne ke ba shi labarin duniya, ko da bai taka ƙofar gida ba.

Rediyon tsoho ne, mai cin manyan batura huɗu. Tela ya ɗinka masa riga saboda ƙura. Shekara da shekaru yana aiki, amma tun damina muryarsa ta soma dishewa. In an rage, ba a ji. In an ƙara, sai ya riƙa ziza kamar zanzaro ya shiga gora.

Da farko Kaka yakan tambayi jikoki abin da aka ce. Su faɗa masa. Ya sake tambaya, su sake faɗa. Yara ba su da dogon haƙuri, shi kuwa ba ya son ya zame wa kowa kaya. Sannu a hankali ya daina tambaya.

Da ɗari ya shigo aka soma kokowar takobi, wadda jihohin ƙasa ke karawa a cikinta tun shekarar 1975. Gida duka ya taru wajen rediyo. Aka yi kaye, samari suka yi ihu. Kaka bai san wa ya ka da wa ba, bai kuma tambaya ba. Ya juya ya kwanta. Ɗansa, wanda shi ne Maigida, ya ga haka. Abin ya tsaya masa a rai.

3. Baki uku, shawara uku

Da bazara ta gabato, babban ɗan Maigida ya dawo daga cin rani a Kano. Ƙannensa Yaya suke ce masa. Maigida kuwa ba ya kiran sunansa, saboda kunyar ɗan fari. Bayan an ci tuwon dare, Yaya ya durƙusa gaban mahaifinsa.

— Baba, rediyon nan ya gama zamaninsa. Na ga wani akwati a kasuwa, tsawonsa ya kai ƙugu. Yana da fitilu ja da kore. Yana cin memori, yana kama waya ta Bluetooth, babu igiya. An rubuta wat 2000 a jikinsa. In aka kunna shi, ba Kaka kaɗai ba, har mutanen bayan gari sai sun ji.

— Nawa ne kuɗinsa?

Yaya ya faɗa. Abin da ya tara a Kano bai kai rabi ba. Kafin a cika sauran, sai an sayar da buhu biyu na wake. Buhu huɗu ne kacal a ɗaki.

Inna tana bakin murhu, amma kunnenta yana wajensu. Ta ce:

— Malam, waken nan shi ne hatsinmu na damina. In aka shiga noma rumbu ya yi ƙasa, me za a sayar a sayi gero? Waƙa ba ta cika tukunya. A bar rediyon yadda yake har girbi.

Maigida ya yi shiru, don kowannensu yana da tasa gaskiya. Yaya ya yi wata huɗu yana dako a rana. Yana so ya shigo gida da abin da ido zai gani, a ce ɗan gidan nan ya yi zuciya. Inna kuwa ita ke auna tiya kullum, ta san kwana nawa rumbu zai kai. Amma daga nan zuwa girbi wata biyar ne ko shida. Ga mai shekarun Kaka, wata shida cikin shiru ba ƙaramin lokaci ba ne.

Auta ƴar lakwal ce, tana aji biyar. Tana zaune daf da Kaka, tana maimaita masa maganar a kunne. Sai ta ɗaga kai ta ce:

— Baba, mushe ya ce likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo. Mu har yanzu ba mu san abin da ke damun rediyon ba.

Kaka ya yi dariya.

— Amaryata ta fi ku hankali. Ku kai shi a duba.

4. A rumfar mai gyara

Ran kasuwa Yaya ya goya Maigida a babur, suka tafi Magariya da rediyo a ƙunshe cikin zane. Mai gyara yana wata ƴar rumfa cike da wayoyi da tsofaffin akwatuna. Bayan sun gaisa, bai yi gaggawar kwance kome ba. Ya bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara sa sababbin batura. Zizar tana nan. Ya goge eriya, ya ɗaure gindinta da ya saki. Shuuu ɗin da ke bayan murya ya ragu, amma zizar ba ta tafi ba. Ya hure ƙurar da ke maɓallin ƙara murya. Sa'an nan ya kwance bayan rediyo, ya nuna musu. Takardar lasifika ta yage daga gefe, kyankyaso ya ci wani wuri, ƙura ta cika tsakiya. Ya cire wayoyi biyu, ya haɗa su da wata lasifika da ke kan tebur. Nan take murya ta fito tar.

— Malam, rediyonka lafiya lau yake. Bakinsa ne ya yage.

Ya ɗauki tsohuwar lasifikar ya yi musu bayani. Lasifika abu uku ce. Akwai mayen ƙarfe a baya. Akwai naɗin siririyar wayar jan ƙarfe a tsakiya. Akwai takarda mai siffar malfa, wadda naɗin ke manne da ita. Wuta tana fitowa daga rediyo, ta ratsa naɗin. Sai mayen ƙarfe ya riƙa jawo naɗin yana tura shi. Takardar ta yi gaba, ta yi baya, tana kaɗa iska. Iskar ce ke zuwa ta kaɗa ƴar fatar da ke cikin kunnen mutum. Haka fatar ganga take yi in an doke ta.

In takardar tana kaɗawa a hankali, murya mai kauri ke fita. In tana kaɗawa da sauri, siririyar murya ke fita. Kunnen yaro mai lafiya yana jin kaɗawa daga sau 20 har zuwa kamar sau 20 000 cikin daƙiƙa guda. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan irin lasifika a shekarar 1925. Har yau da tsarinsu ake ƙera yawancin lasifikun duniya, tun daga na rediyo har zuwa na masallaci.

Mai gyara ya ƙara nuna musu wani abu. Ya riƙe sabuwar lasifikar tsirara a hannu. Muryar ta fito siririya. Ya ɗora ta a bakin wata ƙwarya. Sai muryar ta cika, ta yi kauri.

— Kun ji? In takarda ta tura iska ta gaba, ta baya takan zagayo ta cinye ta. Aikin akwati shi ne ya raba su. Ku dubi gurmi irin na marigayi Malam Mamman Barka. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da amo, sai an ɗaura ta a kan ƙoƙo. Akwatin katako mai kauri, wanda iska ba ta yoyo, ya fi na roba mai rawa.

5. Lissafin Auta

Yaya bai saki maganarsa ba.

— Amma Malam, wancan wat 2000 ne. Wannan fa?

— Wannan wat 3 aka rubuta. Samari, rubutu ba ya wuya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ƙauyenku akwai wutar NIGELEC?

— Babu.

— To, da batir za ku yi aiki. Ko mu da ke gari, ba kullum take zama ba. Daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, mun ga yadda akwatuna masu dogara da ita suka yi shiru. Kuna da ɗan makaranta a gida?

Ya yagi takarda ya rubuta wasu lambobi, ya ce a kai wa Auta. Maigida bai sayi kome ba ran nan. Ya ce shawara sai ta kwana.

Da dare Auta ta ɗauko allonta. Mai gyara ya rubuta cewa batirin da ke cikin irin wannan babban akwati yakan zama mai bolt 12 da amfa-awa 7. In aka ninka su, 12 sau 7, an samu 84. Wannan shi ne yawan wutar da ke ciki, ana ce masa wat-awa 84. Batir kamar randa ne. Wat kuwa shi ne girman moɗar da ake ɗiba da ita kowace awa.

Auta ta raba 84 da 2000. Abin bai kai awa guda ba, bai ko kusa ba. Ta mai da shi minti, ta samu minti biyu da rabi.

— Yaya, in da gaske akwatin nan yana shan wat 2000, kafin a gama waƙa guda batir ya mutu.

— Ai na ji shi yana kiɗa awa da awa.

— To, ashe ba wat 2000 yake sha ba.

Gaskiyarta. Wasu masu ƙera kaya sukan rubuta babbar lamba don jan ido. Mai gyara ya ce a ɗauka akwatin yana shan wat 30. Auta ta raba 84 da 30, ta samu awa uku ba kaɗan. Rediyon Kaka kuwa kamar wat 2 yake sha. Da batir guda zai yi awa 42. Kuma irin wannan batir ba a son a zuƙe shi ƙaf, in ana so ya daɗe. Rabi ake sha a sake cika shi.

Saura cikawa. Ƙaramin farantin sola mai wat 10, in ya samu awa 5 na rana mai ƙarfi, ba zai ba da fiye da wat-awa 50 ba. Rediyo na awa 6 a yini yana bukatar 12. Sauran ya isa a kunna ƙwai guda da dare, a cika waya. Babban akwati na awa 6 yana bukatar 180. Ke nan sai an ƙara sayen babban faranti da babban batir, kuɗin da Yaya bai sa cikin lissafinsa ba.

Akwai lamba ta ƙarshe a takardar. In aka ninka ƙarfin wat sau biyu, kunne ɗan ƙari kaɗan yake ji. Sai an ninka kamar sau goma kafin mutum ya ce ƙara ta ninka. Amma nisa yana aiki da sauri. A fili, in aka matso da lasifika daga mita 4 zuwa mita 2, daidai yake da ninka ƙarfinta sau huɗu. In aka kawo ta mita 1, daidai yake da sau goma sha shida. Matsowa kuwa ba ta cin ko dala.

6. Kunnen tsoho da kunnen yaro

Inna ce ta kawo magana ta gaba.

— Malam, an duba rediyo. Shi Baba an duba kunnensa?

Babu wanda ya yi tunanin haka. Kashegari aka ɗora Kaka a amalanke aka kai shi gidan likita. Likita ya haska kunnen, ya tarar datti ya toshe na dama. Ya ba da maganin ɗigawa, bayan kwanaki ya wanke. Ya hana a sa tsinke ko gashin kaza, don suna ƙara tura datti ciki, suna kuma iya huda fatar kunne. Ya ce sauran raunin na shekaru ne.

Ya bayyana wa Maigida yadda abin yake. In mutum ya tsufa, siraran muryoyi ne ke fara ɓace masa. Baƙaƙe irin su s da sh da f sirara ne. Shi ya sa tsoho kan ji ana magana, amma ya kasa raba «sata» da «fata», ko «safe» da «shafe». Manyan akwatunan kiɗa kuwa ƙarfinsu yana wajen murya mai kauri, wadda ke dukan ƙirji. Wannan dum-dum ɗin yana rufe siraran baƙaƙe. Da an sayi babban akwatin, da Kaka ya ji ƙara mai yawa, magana kaɗan. Abin da yake bukata murya ce mai tsabta kusa da kunne.

Likita ya juya wajen Yaya. Ya ce ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu kamar desibel 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cuta ba. In ƙara ta kai 90, awa 4 ne kawai a mako. In ta kai 100, minti 20. A shekarar 2015 hukumar ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan guda suna cikin haɗarin rasa ji saboda yawan ƙara. A can cikin kunne akwai wasu ƴan ƙananan gasu masu karɓar sauti. In suka mutu, ba su sake tsirowa.

— Samari, in ka tashi daga wajen biki kunnenka yana ƙugi, ya yi maka kashedi ke nan. Kuma in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar wurin ta yi yawa.

7. Abin da aka yanke

Daren nan Maigida ya tara iyali. Ya ce tambaya huɗu aka amsa. Ina ciwon yake? A takardar lasifika da kunnen dama. Wa zai saurara? Kaka, da mutanen tsakar gida guda. Da wace wuta? Da rana. Da wane kuɗi? Da wanda ba zai taɓa wake ba. Sa'an nan ya dubi gefen da ɗansa yake zaune.

— Kai, kuɗin guminka ne. Ban tilasta maka ba. In ka yarda, da su za a yi wa kakanka wannan aiki.

Yaya ya daɗe kansa a sunkuye. Ya riga ya gaya wa abokansa zai kawo akwati mai fitilu. Can ya ce:

— Na yarda, Baba.

Ran kasuwa ta gaba suka koma Magariya. Mai gyara ya duba bayan tsohuwar lasifika, ya ga an rubuta om 8. Ya zaɓo sabuwa mai om 8, wadda faɗinta ya kai taƙi guda. Ya ce wannan lamba ita ce ta nuna yadda lasifika ke tare wuta. In aka sa mai ƙaramar lamba, ko aka jera biyu barkatai, rediyo zai yi zafi, yana iya ƙonewa. Ya liƙa waya mai tsawon mita 6 da dalma. Ya sa wata ƴar na'ura mai rage wuta, don batura huɗun rediyon bolt 6 suke bayarwa, sabon batir kuwa 12 ne. Ya gargaɗe su kada su taɓa haɗa shi kai tsaye. Daga ƙarshe ya buɗe wata ƴar kafa a gefen rediyo, inda Yaya zai iya sa igiyar wayarsa ya ji waƙoƙinsa.

Kafinta ya ƙera akwati da katako mai kauri. Ya toshe kusurwoyi da gam, ya shimfiɗa auduga a ciki, ya rufe gaban da yadi saboda ƙura da kyankyaso. Aka sayi ƙaramin farantin sola da batir. Kuɗin Yaya suka ƙare sarai, amma buhu huɗu suna nan a ɗaki.

A gida aka ajiye rediyo bakin taga, inda eriya ta fi kamawa. Akwatin katako kuwa aka ɗora shi kan kututture, kamu biyu daga filon Kaka, wajen kunnen da ya fi ji. Farantin sola yana bisa rufin ɗaki. Auta ce ke goge masa ƙura kowace safiya kafin ta tafi lakwal.

8. Bayan ruwa ya sauka

Abokan Yaya sun zo kallo. Suka ga akwati ba fenti, ba fitila, suka yi masa dariya. Abin ya yi masa zafi, ya yi kwana biyu bai je dandali ba. Har yanzu yana da niyyar sayen babban akwatin. Amma ya sake lissafi. Ya ce in ya saya, na haya zai yi, ya riƙa kai wa masu biki da masu suna a ƙauyukan kewaye, akwatin ya biya kuɗin kansa. Maigida ya ce wannan magana ce dabam, za a zauna a kanta bayan girbi.

A watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, kamar yadda Inna ta faɗa. Aka sayar da wake aka sayi gero, gidan bai kwana da yunwa ba. An kuma daina sayen batura huɗu-huɗu. Inna ta sa doka guda: bayan lisha a rage murya, don katangar maƙwabta ta kara ce, kuma suna da jariri.

Kaka ya koma karɓar baƙi. Wata rana mai gari ya zo gaisuwa, ya kawo wani labari da ya ji a kasuwa. Kaka ya saurara har ya gama, sa'an nan ya gyara masa sunan garin da abin ya faru, ya ƙara masa da abin da aka faɗa da asuba. Mai gari ya tambayi inda aka samo wannan akwati mai daɗin murya. Kaka ya nuna Yaya da sanda.

— Wancan ne ya ɗauko shi a kansa tun daga Kano.

Kalmomi

Mayen ƙarfe: ƙarfen da ke jawo wasu ƙarafa.
Ziza: ƙara irin ta zuma ko zanzaro.
Taƙi: tsawo daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an buɗe hannu.
Wat: ma'aunin wutar da na'ura ke sha.
Desibel: ma'aunin ƙarfin ƙara.

Tambayoyi

1. Me ya sa Kaka ya daina tambayar jikokinsa?
2. Ku faɗi abubuwan da mai gyara ya duba kafin ya kwance rediyo.
3. Waɗanne abubuwa uku ne ke cikin lasifika?
4. Don me babban akwati ba zai taimaki Kaka ba?
5. Batir yana da wat-awa 84. Ƙwai yana shan wat 3. Awa nawa zai yi in rabin batirin kawai aka sha?
6. Yaya ya yi hasara ko ya ci riba? Ku tattauna.

Aiki

Ku ɗaure bakin gwangwani da leda ta yi tauri. Ku zuba ƙwayoyin gero kaɗan a kai. Ku buga ganga kusa da shi, kada ku taɓa shi. Ku rubuta abin da kuka gani da dalilinsa.